Evangelina Villegas da Masarar da Ido Ba Ya Gane Ingancinta

A watan Oktoban 2000, a birnin Des Moines da ke jihar Iowa ta Amurka, an miƙa Kyautar Abinci ta Duniya ga mutum biyu da suka shafe shekaru suna aiki kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya shi ne Surinder Vasal, ɗan Indiya masanin inganta iri. Ɗayar kuwa Evangelina Villegas ce, 'yar Meziko, masaniyar sinadaran hatsi. Tun da Norman Borlaug ya kafa kyautar a 1986 ba a taɓa ba mace ba sai ita. A lokacin tana gab da cika shekara 76, kuma ta yi shekara goma sha ɗaya da yin ritaya. Abin da aka karrama su a kai shi ne wata masara da ake kira QPM, wato masara mai ingantaccen furotin.

Labarin wannan mata ya fi ƙarfin a ce tarihin mutum ɗaya ne, domin yana taɓo wata tambaya da ke damun duk wanda ya san yadda jami'o'i da cibiyoyin bincike suke auna ma'aikatansu. Idan aka ce masanin sinadaran abinci ya yi tasiri, me ake ƙirgawa? Amsar da ta zama ruwan dare a yau ita ce yawan maƙalun da ya buga a mujallu, da yawan lokutan da wasu suka ambace su a nasu rubutun. Tun 1964 Eugene Garfield ya fara fitar da kundin da ke bin diddigin wa ya ambaci wa. A 2005 wani masanin fiziks mai suna Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin da ake kira h, wanda ke dunƙule yawan maƙalu da yawan ambato cikin lamba guda. Yau malamin jami'a a Kano ko a Yamai ya san lambarsa kamar yadda ya san matakin albashinsa, kuma a wasu jami'o'in da ita ake duba shi ranar ƙarin girma. Ni ina ganin wannan ma'auni yana da amfaninsa, amma aikin Villegas yana nuna inda ya gaza ƙarara, kuma gazawar ba ƙarama ba ce.

Sai an fahimci matsalar masara kafin a gane abin da ta yi. Furotin, sinadarin da ke gina tsoka da jini, an harhaɗa shi ne daga ƙananan sassa da ake kira amino asid. Guda tara daga cikinsu jikin ɗan Adam ba ya iya ƙera su, dole sai daga abinci. Masara tana da furotin kusan kashi 9 ko 10 cikin ɗari na nauyinta, wanda ba laifi. Matsalar ita ce fiye da rabin furotin ɗin da ke cikin farin ɓangaren ƙwayar, wanda ake niƙawa ya zama gari, wani nau'i ne mai suna zeyin, shi kuwa zeyin kusan babu laisin da tiriftofan a cikinsa, biyu daga cikin taran nan. Thomas Osborne da Lafayette Mendel sun nuna haka tun 1914, lokacin da suka ciyar da ɓeraye zeyin zalla suka ga girmansu ya tsaya cak har sai da aka ƙara musu waɗannan sinadarai biyu. Idan amino asid ɗaya ya yi ƙaranci, jiki ba ya iya cin moriyar sauran yadda ya kamata, komai yawansu.

Babban mutum da ke haɗa tuwonsa da wake ko kifi ko nono ba ya jin wannan giɓi sosai. Wanda abin ke kayarwa shi ne yaron da aka yaye aka ɗora shi a kan koko ko kunun masara safe da yamma. Likita Cicely Williams ta ga irin waɗannan yara a asibitin yara na Akra a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, kumburarrun ƙafafu, gashi ya yi ja, fata na saɓulewa, ta rubuta bayaninsu a 1933, sannan a 1935 ta shigar da sunan cutar, kwashiyoko, cikin littattafan likitanci, ta kuma danganta ta da abincin masara. A nan ƙasar Hausa akwai wani ƙarin abin lura. Idan aka surfa masara aka bushe dusa don tuwo ya yi fari ya yi laushi, yawancin idon ƙwayar, wato ɗan ɓangaren da ke tsirowa, yana tafiya tare da dusar. Furotin ɗin idon nan shi ne mai kyau. Kenan abin da ya rage a cikin tukunya shi ne ɓangaren da zeyin ya fi yawa, mai kyan kuma ya tafi wurin awaki.

A 1964 masana uku a Jami'ar Purdue, Edwin Mertz da Lynn Bates da Oliver Nelson, suka buga wata gajeriyar maƙala a mujallar Science da ta girgiza fagen. Sun auna wata masara mai ɗauke da ƙwayar gado da ake kira opaque-2, wadda aka san da ita tun shekarun 1920 amma ba wanda ya damu da ita, suka tarar laisin ɗinta ya fi na masarar gama-gari da kashi 69 cikin ɗari. Dalili shi ne ƙwayar gadon tana rage zeyin, sai sauran nau'o'in furotin masu kyau su cike gurbin. Gwajin da aka yi da yara a Gwatamala da Kolombiya ya ƙarfafa gwiwa matuƙa. Aka ɗauka an gama da matsalar.

Gona da rumbu ne suka ƙaryata wannan zato. Ƙwayar opaque-2 tana da taushi, cikinta kamar alli, ba ta da ƙyallin masarar da manomi ya saba da ita. Ba ta da nauyi, don haka amfanin gona yana raguwa da kusan kashi goma cikin ɗari ko fiye. Tana jinkirin bushewa, ruɓa tana kama ta a jikin kara, ƙwari suna cinye ta a ajiya, kuma tana farfashewa a wurin sussuka da niƙa. Manomi ba ya shuka abin da zai rage masa buhu, mai saye kuma ba ya sayen abin da bai yi masa kama da masara ba. Cikin 'yan shekaru yawancin kamfanonin iri da jami'o'i suka tattara nasu ya nasu suka bar ta.

A nan Villegas ta shigo. An haife ta a birnin Meziko a 1924, ta kammala digirin farko a fannin sinadarai da ilimin halittu a babbar kwalejin fasaha ta ƙasar a 1948. A 1950 ta fara aiki a cibiyar binciken abinci mai gina jiki ta Meziko, tana kuma taimakawa a ɗakin karatu na ofishin binciken noma da gwamnatin ƙasar ta kafa tare da Gidauniyar Rockefeller, inda Borlaug ke aikin alkama. Daga 1957 ta koma auna ingancin alkamar da ake fitarwa, ko za ta yi burodi mai kyau ko ba za ta yi ba. Ta yi digiri na biyu a Jami'ar Jihar Kansas a 1962, ta yi na uku a Jami'ar Jihar Dakota ta Arewa a 1967, a shekarar kuma ta kama aiki da CIMMYT, cibiyar ƙasa da ƙasa ta inganta masara da alkama da ke kusa da Texcoco. Da Vasal ya iso cibiyar a 1970, sai aka haɗa su a kan tambaya ɗaya: za a iya mayar wa wannan masara taurinta ba tare da an rasa ingancin furotin ɗinta ba?

Masu inganta irin sun lura cewa a wasu zuriyoyi akan sami ƙwayoyin da ke ɗauke da opaque-2 amma wani sashe nasu ya yi tauri. Wasu ƙananan ƙwayoyin gado ne masu yawa ke jawo hakan, kowace da ɗan abin da take ƙarawa. Dabarar ita ce a riƙa tsince irin waɗannan ana haɗa su aure zuriya bayan zuriya har taurin ya cika. Ana baza ƙwayoyin a kan tebur mai gilashi da fitila a ƙarƙashinsa. Wadda haske ya ratsa ta duka tana samun maki 1, wadda ta toshe hasken gaba ɗaya tana samun 5, ana kuma neman na tsakiya waɗanda suka fara tauri. Sai dai akwai tarko a nan. Ƙwayar da ta yi ƙyalli tana iya zama wadda ingancinta ya zube a hanya, ko ma masarar gama-gari ce ta gauraya. Ido da fitila suna nuna tauri, amma ba sa nuna laisin. Idan babu mai auna cikin ƙwayar, masu zaɓen za su yi ta zaɓe har su koma kan masarar da suka baro ba tare da sun sani ba.

Auna laisin a wancan zamani aiki ne mai tsada da cin lokaci, na'urar da ke yi kuma samfuri kaɗan take iya gamawa a yini. Shirin inganta iri kuwa dubbai yake buƙata, kuma cikin gaggawa, domin a Meziko ana shuka sau biyu a shekara a tashoshin gwaji, sakamakon da ya zo bayan an yi shuka kuma ba shi da amfani sai wata kakar. Abin da ɗakin gwajin Villegas ya dogara a kai shi ne lura da cewa a cikin farin ɓangaren masara laisin da tiriftofan suna tafiya tare, laisin yana kusan ninki huɗu na tiriftofan. Kenan idan ka auna mai sauƙin ka san mai wahalar. Ga yadda ake yi. A jiƙa ƙwayoyin, a ɓare fatar, a cire idon, a busar da sauran a niƙa shi lukui, a wanke mansa. Ba a narkar da furotin ɗin da asid mai ƙarfi kamar yadda aka saba, domin asid yana lalata tiriftofan. Ana zuba masa fafen ne, wani sinadari da ake samu daga ƙaron ɗanyar gwanda, a bar shi ya kwana cikin ɗumi yana warware furotin ɗin a hankali. Washegari a haɗa ruwan da wasu sinadarai, sai ya rikiɗe ya koma shuɗi mai ratsin ja. Gwargwadon duhun launin, gwargwadon yawan tiriftofan, ƙaramar na'urar auna launi kuma ta isa ta karanta. Tushen hanyar ya fito ne daga aikin Hernández da Bates na 1969 a cibiyar, amma mayar da ita abin da za a riƙa yi kullum ba kuskure, a kan samfuri fiye da dubu ashirin a shekara, a kuma miƙa wa mutanen gona sakamakon kafin ranar shuka, wannan aikinta ne da ma'aikatanta.

Sun yi fiye da shekara goma a haka. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 sun sami masara mai tauri da ƙyalli, mai amfanin gona daidai da sauran, wadda laisin da tiriftofan ɗinta suka kusa ninka na gama-gari. Ba a shigo da ƙwayar gado daga wata halitta ba, zaɓe ne da aure tsakanin masara da masara. Sai daga baya ne, wajen 1990, masana irin su Brian Larkins na Jami'ar Arizona suka nuna cewa taurin yana da alaƙa da ƙaruwar wani reshe na zeyin da ake kira gama. Wato an yi nasarar aikin kafin a san cikakken dalilinsa, kuma awo ne ya riƙe hanyar.

To, me ta bari a rubuce? Rubuce-rubucenta da aka fi sani littattafan koyar da hanyar aiki ne da cibiyar ta buga da kanta: wanda ta rubuta tare da Mertz a 1971 kan hanyoyin tantance ingancin furotin ɗin masara, da wanda ta rubuta tare da Ortega da Bauer a 1984 kan hanyoyin da ake bi a ɗakin gwajin. Akwai kuma maƙalar taro ta 1980 wadda sunan Vasal ke gaba nata na biye, da babi a littafin da Mertz ya tattara a 1992. Irin waɗannan su ne ainihin rubutun da kundayen ƙirga ambato suka fi yi wa rowa, domin mujallu suka fi bi. Mafi yawan abin da hannunta ya samar ma ba maƙala ba ne, lambobi ne a kan takarda da aka miƙa wa mai inganta iri, ya duba ya ce wannan layin a ci gaba da shi, wancan a zubar. Waɗannan lambobi sun shige cikin irin da ake shukawa yau, ba kuma za a taɓa ambatonsu a ƙasan wata maƙala ba. Maƙalar Purdue ta 1964 ta sami ambato mai ɗimbin yawa, ta kuma cancanta. Amma masarar da ta bayyana ba ta shuku ba. Wadda ta shuku ta fito ne daga aikin da ma'aunin ambato ba ya gani sosai.

Akwai kuma mutanen da ta koyar. Masana da ma'aikatan ɗakin gwaji daga Latin Amurka da Afirka da Asiya sun zo sun zauna a wurinta sun koyi hanyar, ita ma ta yi tafiye-tafiye tana taimaka wa ƙasashe kafa nasu ɗakunan. A cibiyar ana tuna ta da wani abu dabam: samarin ƙauye da ake ɗauka su kori tsuntsaye daga gonakin gwaji, ta tsaya musu aka kafa asusun biyan kuɗin karatunsu.

Wani abin da ya sa nake ganin girman aikin shi ne lokacin da aka yi shi. Suna tsaka da wahala sai iskar fagen ta juya. A 1974 Donald McLaren ya buga wata maƙala mai zafi a mujallar Lancet yana cewa an zuzuta batun ƙarancin furotin fiye da kima, kuma abin da yaran matalauta suka fi rasa shi ne isasshen abinci gaba ɗaya. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma masu ba da kuɗi suka saurare shi. Daga baya hankali ya koma kan bitamin A da sinadarin ƙarfe da aidin. Villegas ta yi ritaya a 1989, a farkon shekarun 1990 kuma CIMMYT ta rufe shirin QPM ɗin. Wanda ya auna aikinta a wannan gaɓa zai ce an yi shekara ashirin a kan abin da duniya ta daina so.

Ghana ce ta raya shi. Ƙungiyar Sasakawa Global 2000, wadda Borlaug ke jagoranta a lokacin kuma Villegas ta yi wa aikin ba da shawara bayan ritayarta, ta haɗa hannu da Cibiyar Binciken Amfanin Gona da ke Kumasi. A 1992 aka fitar da irin Obatanpa daga zuriyar da aka samo a CIMMYT, aka kuma daidaita shi da yanayin Afirka ta Yamma. Manoma suka karɓe shi hannu bibbiyu har ya zama ɗaya daga cikin irin masarar da aka fi shukawa a ƙasar. Daga nan ya bazu: a Yuganda da Mozambik an fitar da shi da sunayen gida, a Najeriya kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar da shi da sunan Sammaz 14. Ganin haka CIMMYT ta farfaɗo da shirin a ƙarshen shekarun 1990 da tallafin Gidauniyar Nippon. Ra'ayin masana ma ya sake karkatowa. A rahoton 2007 na hukumomin lafiya da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya an ɗaga laisin da babban mutum ke buƙata daga miligiram 12 zuwa 30 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, wani bincike na 2016 kan yara a Malawi kuma ya tarar waɗanda suka tsumbure suna da ƙarancin muhimman amino asid a jininsu.

Shin yara sun amfana? Amsa mafi ƙarfi da ake da ita ta fito ne a 2010, lokacin da Nilupa Gunaratna da abokan aikinta suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a cikin al'ummomi suka nazarce su tare. Sun tarar a inda masara ce babban abinci, yara masu tamowa mara tsanani da suka ci QPM a madadin masarar gama-gari sun fi saurin ƙara nauyi da kashi 12 cikin ɗari, saurin ƙara tsawo kuma da kashi 9. Wannan riba ce ta gaske, musamman da yake uwa ba ta sauya girki ba, ba ta kuma sayi wani abu ƙari ba. Amma ba magani ba ce ga yaron da ba ya ƙoshi, ko wanda gudawa da zazzaɓi ke zuƙewa, kuma ba ta maye gurbin ƙwai da wake da nono. Marubutan da kansu sun nemi a yi ƙarin gwaje-gwaje masu tsari. Duk mai ƙaunar wannan masara ya kamata ya faɗi haka.

Inda aka fi samun cikas shi ne tsakanin gona da kasuwa, dalilin kuma yana komawa ga abin da ya sa aka buƙaci Villegas tun farko. Ƙwayar gadon opaque-2 mai rauni ce a wurin gado: sai ƙwayar masara ta same ta daga uwa da uba duka sannan ingancin yake bayyana. Idan iska ta kwaso ƙurar fure daga gonar maƙwabci mai masarar gama-gari, ƙwayoyin da ta sauka a kansu sun rasa ingancin, alhali kamanninsu bai sauya ba. Manomin da ke ajiye iri daga girbinsa shekara bayan shekara, a tsakiyar gonaki manne da juna, zai iya wayar gari da masarar da sunan kawai ya rage mata. A kasuwa kuma nasarar da aka yi ta mayar da ita kamar kowace masara ita ce ta hana ta daraja. Mai awo a kasuwar Dawanau ba shi da hanyar bambance tiyar QPM da ta gama-gari, don haka ba ya ƙara ko sisi, dillali kuma yana juye su buhu ɗaya. Bincike ya nuna manoman Ghana da dama sun riƙe Obatanpa ne saboda yana ba da amfani mai kyau, ba don furotin ba. Masu kiwon kaji, waɗanda ya kamata su zama manyan masu saye tunda kaza ma tana buƙatar laisin daga abinci, suna da laisin na masana'anta da suke zubawa a abincin kaji cikin rahusa. Masarar da aka ƙara wa bitamin A ta fi ta sa'a ta wannan fuska, domin launinta na ruwan lemo yana sanar da kansa.

Saboda haka duk inda ake so QPM ta ci gaba da zama QPM, dole a sami ɗakin gwaji a bayan kamfanin iri da hukumar tantance iri, mai auna tiriftofan kaka bayan kaka. An sauƙaƙa hanyar tun bayan Villegas, wadda ta rasu a 2017 tana da shekara 92. A 2009 ɗakin gwajin CIMMYT ya fitar da gyararriyar hanya mai ba da sakamako tsayayye, akwai kuma na'urorin da ke haska gari su karanta cikinsa ba tare da sinadarai ba. Sai dai na'ura tana buƙatar mai kula da ita, da wutar lantarki, da sinadaran da ba su lalace ba, da mutumin da zai yarda ya shafe shekaru yana maimaita awo ɗaya ba tare da ya gaji ko ya yi ha'inci ba. Tsarin ƙarin girman da ke ƙirga maƙalu kawai yana korar matashi mai hazaƙa daga irin wannan kujera, domin awon yau da kullum ba sabon bincike ba ne da mujalla za ta buga. Sanarwar San Francisco ta 2012 kan yadda ake tantance bincike ta nemi cibiyoyi su riƙa duba duk abin da masani ya samar da tasirinsa a aikace, ba sunan mujalla kaɗai ba. A fannin sinadaran abinci wannan yana nufin kwamitin ƙarin girma ya tambayi hanyoyin awo nawa mutum ya tsayar har wasu suka ɗauka, irin shuka nawa aka saki bisa lambobinsa, da ɗakunan gwaji nawa ke aiki yau a hannun waɗanda ya koyar.